Yadda Za Ka Lallaɓa Ciwon Gaban Tafin Ƙafa da Ya Ƙi Tafiya Bayan Rauni

Akwai wani ciwo da mutane ke rainawa saboda wurinsa ƙarami ne, wato ciwon da ke zama a gaban tafin ƙafa, a tudun nan da ke gindin yatsu. Mutum zai yi tuntuɓe, ko ya diro daga bayan mota, ko giyar tayar da babur ta dawo ta buge shi, kumburi ya saɓe cikin mako guda, amma bayan wata biyu yana nan yana takawa kamar da tsakuwa a cikin takalminsa. Dalilin daɗewar ciwon ba ɓoyayye ba ne. A gaban ƙafa akwai dogayen ƙasusuwa guda 5 da kowannensu ya ƙare a gindin yatsa ɗaya, kuma duk lokacin da ka ɗaga diddige domin ka yi gaba, nauyin jikinka kan kawunan waɗannan ƙasusuwa yake komawa. Hannun da ya ji ciwo ana iya rataye shi, amma ƙafa kullum tana bakin aiki.

Kafin komai, ka tabbatar ba tsagewar ƙashi kake takawa ba. Idan ka danna da ɗan yatsa ka ji zafin a wuri ɗaya tak a kan ƙashi, ko saman ƙafar yana kumbura duk yamma, ko jini ya kwanta a tsakiyar tafin ƙafar bayan raunin, to ka nemi a yi maka hoton ƙashi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe duka suna da likitocin ƙashi. Ka sani kuma cewa siririyar tsagewa, wadda ta fi samun ƙashi na biyu da na uku idan aka ƙirga daga babban yatsa, sau da yawa ba ta fitowa a hoto a makonni biyu zuwa uku na farko, saboda haka hoton da aka ce maka lafiya lau a kwanakin farko bai rufe magana ba idan ciwon ya ci gaba. Irin wannan tsagewa takan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ta haɗe, in an bar ta ta huta. A nan ne nake roƙon mai ciwo kada ya fara da kai ƙafar a ja ta ko a murza ta da sunan gyaran targaɗe, domin ƙashin da ya tsage ba ja yake buƙata ba, kuma murzar tana iya mayar da aikin baya.

Idan an tabbatar ƙashi lafiya yake, babban maganin yana wurin takalmi, kuma a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Silifas ɗin roba da muke yini da su suna lanƙwashewa daidai wurin da ke ciwo, sannan yatsu sai sun damƙe su kafin su zauna a ƙafa. Ka nemi takalmin da ƙasansa ke da kauri da tauri, wanda idan ka kama shi da hannu biyu ba ya naɗewa cikin sauƙi, gabansa kuma da faɗi yadda yatsu za su baje. Idan za ka saya a Kasuwar Wunti da ke Bauchi ko wata kasuwa, ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada shi a ƙafar mai ciwon, ka taka ka ji. Mata su ajiye takalmi mai tsini har sai sun warke, ko da biki ne ya taso, domin ɗaga diddige yana tura nauyi gaba ne kai tsaye. A cikin gida ma kada ka yi yawo ba takalmi a kan siminti ko tayil.

Akwai kuma ɗan matashi da ake liƙawa a cikin takalmi domin ya ɗage kawunan ƙasusuwan. Mai gyaran takalmi zai iya yanka maka shi daga soso mai ɗan tauri, faɗinsa kamar na yatsu uku. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne sanya shi a ƙarƙashin wurin ciwon, alhali mazauninsa bayan wurin ne kaɗan, ta wajen tsakiyar ƙafa, yadda nauyi zai sauka a kansa kafin ya kai ga ciwon. Ka shafa ɗan alli a wurin da ke maka zafi, ka taka cikin takalmin, sai ka liƙa matashin a bayan shaidar da allin ya bari. Idan zafi ya ƙaru, ka matsar da shi baya kaɗan.

Sai ka dubi abubuwan da kake yi kullum waɗanda ke lanƙwasa yatsu da nauyi a kansu. Tsuguno shi ne na gaba, ko wajen alwala, ko wanki, ko girki a murhu, kuma 'yar kujera ta tsugunawa tana magance mafi yawansa. Tela mai keken ƙafa ya koma takawa da ɗaya ƙafar, ɗan acaɓa kuma ya riƙa buga giyar da tsakiyar takalmi mai tauri. A salla, kafa yatsu a sujada da zaman tahiya na iya tayar da ciwon, kuma addini ya yi rangwame ga mara lafiya, kamar yadda ya zo a hadisin Imrana ɗan Husaini cewa wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi a zaune. Ka tambayi malaminka yadda za ka sauƙaƙa wa ƙafar na ɗan lokaci.

Da yamma, idan wurin ya yi zafi bayan yini a tsaye, ka naɗe ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi a tsumma ka ɗora na minti 15 zuwa 20, ƙafar tana ɗage a kan matashi. Ka kuma riƙa miƙar da sharaɓa, domin idan ta ɗaure, diddige yana saurin tashi daga ƙasa, gaban ƙafa ya ɗauki aikin da ba nasa ba. Ka dafa bango, ka mayar da ƙafar mai ciwo baya, gwiwa a miƙe, diddige a ƙasa, ka tsaya daƙiƙa 30, sau uku, safe da yamma. Tafiya kuwa ka riƙa ƙara ta a hankali, ma'auninka shi ne washegari: idan ka tashi ciwon ya fi na jiya, ka wuce gona da iri, sai ka rage.

Game da magani, farasitamol ya fi sauƙi ga jiki. Ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis suna rage zafi, amma shan su mako bayan mako yana iya illata ciki da ƙoda, kuma mai gyambon ciki ko hawan jini ko mai juna biyu kada ya taɓa su sai da izinin likita.

Ka koma asibiti idan ka yi mako 6 kana bin waɗannan matakai ba sauƙi, ko kana jin zafi kamar wuta da sagewa tsakanin yatsa na uku da na huɗu, wanda alama ce ta jijiyar da ta matse, ko yatsa na biyu ya fara ɗagewa yana karkata. A can za a iya tura ka sashen gashin ƙashi. Mai ciwon suga kuwa ba zai jira mako 6 ba: ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowace rana, kuma ranar da ya ga ja, ko ƙuraje, ko kanta ta fashe, ranar zai ga likita, ko da ba ya jin zafin komai.