Kurakuran da masu rubuta littafin farko na matasa suka fi yi a nan Zamfara

Duk wanda ya zauna rubuta littafinsa na farko akwai abin da ya ɗora shi a hanya, ko bai faɗa ba. Wani littattafan soyayyar Kano ne da yayyensa mata ke karɓowa haya suna ɓoyewa ƙarƙashin filo, wani finafinan Indiya masu fassara ne, wata kuma a manhajar karanta labarai ta Wattpad da guruf-guruf na WhatsApp ta taso, kullum tana jiran fejin safe da na dare, wato kashin labarin da marubuci ke saki. Wannan ba laifi ba ne ko kaɗan, haka kowa ya fara. Abin da ke damuna shi ne rubutun da ƙannenmu na Gusau da Ƙaura da Mafara ke turo min in duba, mafi yawansu tasirin nan ya haɗiye su gaba ɗaya, ba ka ganin mai rubutun a ciki, ba ka ganin garinsu, ballantana matashin da aka ce don shi aka yi littafin.

Babban kuskuren shi ne aron rayuwar da ba taka ba. Ka buɗe labari sai ga yarinya 'yar shekara 17, 'yar talaka, ga kuma saurayi mai kamfani a Abuja wanda ya dawo daga Dubai, ba ya dariya ba ya son magana, ma'aikata na rawar jiki in ya shigo, sai ta watsa masa ruwa a kaya bisa tsautsayi, sauran kun san shi. Mai rubutun nan ba ta taɓa shiga irin wannan ofis ba, a wani labarin ta gan shi, shi ma wancan a wani ya gani, shi ya sa komai ke fitowa lami. Gyaran kuwa ba wai ka daina karanta wanda kake so ba ne. Ɗauko babi ɗaya na marubucin da ya fi burge ka, ka karanta da biro a hannu, ka duba a ina ya tsayar da babin har ka kasa ajiyewa, yaushe ya ɓoye maka sirri kuma yaushe ya sake shi, layi nawa ya yi kafin mutum na farko ya buɗe baki. Dabarar ita ce rabonka a wurinsa, amma mutanen da garin da damuwar, waɗannan daga gida za ka ɗebo su.

Kuma wallahi muna da su har sun yi yawa. Yarinyar da ta baro Anka ko Shinkafi tun asuba don ta samu santar JAMB a Gusau, wadda ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawar. Yaron da ke tsaron shagon cajin waya a bakin tasha yana karanta saƙonnin da ke haskawa a fuskar wayoyin mutane alhalin ya san bai kamata ba. Ɗan aji shida da ya ci gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau amma babansa na son ya tsaya gona. Ko ka tuna watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a jihar nan, mutane na fita har wata jihar don kawai su yi kira ɗaya, to ka ɗauki saurayi da budurwa da suka saba hira kullum dare ka jefa su cikin waɗannan makonnin ka ga labari ya tashi da kansa. Ni har yau ban ga wanda ya rubuta wannan yadda ya kamata ba, kuma ina jira.

Sai bakin da ake sa wa yaran. Ɗan shekara 16 ne amma in ya fara magana sai ka rantse limamin Juma'a ne, "haƙiƙa ya ke abar ƙaunata, rayuwa makaranta ce wadda mai haƙuri kaɗai ke cin jarrabawarta." Wane yaro ne ke magana haka a Tudun Wada? Marubucin ne ke son yin nasiha sai ya ɓuya bayan yaron, kuma matasa na ganewa nan take, su tsallake shafin. Duba wannan a madadinsa:

"Ke, malam ya ce Litinin za a rufe karɓar kuɗin NECO. Kin faɗa wa Baba?"
"Ban faɗa ba."
"Don me?"
"Bai sai da waken ba tukuna, kuma jiya na ji suna maganar maganin Inna."

Babu inda aka ce talauci, babu inda aka ce yarinyar na da hankali da tausayin iyayenta, amma mai karatu ya ji duka. In kana son darasi ya shiga, bar yarinyar ta yi zaɓi, ta yi kuskure ma, abin ya biyo ta. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka karanta hirar da ƙarfi a gaban ƙanenka, in ya yi dariya a inda ba wurin dariya ba ne to goge ka sake.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne kunyar harshen gida. Labari a Gummi ake yinsa amma kowa har kaka na magana da Kananci. Bayanin marubuci a yi shi da daidaitacciyar Hausa, wannan daidai ne don na Zariya da na Damagaram su karanta ba wahala, amma in tsohuwa ta buɗe baki a bar ta ta ce "mi ya hwaru ɗiyata, taho nan ki ishe ni." Ƙasar da ta fitar da makaɗan fada irin na Maradun da Bakura ba ta rasa zaƙin magana ba. Sai dai kar a cika, ɗan kaɗan a bakin mutum biyu ko uku ya wadatar.

Maganar rashin tsaro kuma a yi hattara da ita sosai. Tun bayan abin da ya faru da 'yan matan makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021 wasu ke saka satar ɗalibai a labari don kawai ya yi zafi, babi biyu an sace jaruma an dawo da ita an ci gaba da soyayya kamar ba a yi komai ba. Cikin masu karanta ka akwai waɗanda abin ya taɓa gidansu. In za ka rubuta, kar ka kama sunan kowa na gaske ko ƙauyensu, ka zauna da waɗanda suka yarda su ba ka labari ka saurara, kuma ka fi ba da ƙarfi ga abin da ke biyo baya, yarinyar da ta koma zama gidan kawunta a Gusau, makaranta a rufe, barci ba ya zuwa, ƙawaye na tambayar abin da ba ta son faɗa.

Ta ɓangaren zaman rubutun kansa, abin da ya fi kashe littafin farko shi ne fara sakin feji a guruf tun ba ka san ƙarshen labarin ba. Feji uku na farko a yi ta yabo, daga nan masu kwamen su karɓe linzami, wannan ta ce Anti don Allah kar ki raba su, waccan ta ce a kashe kishiyar, kai kuma kana bin kowa don kar a daina karantawa, labarin da ya kamata ya ƙare a feji 40 sai ya kai 120 babu kai babu gindi. Ka gama daftarin farko kafin kowa ya gani, in ba za ka iya haƙuri ba to aƙalla ka rubuta ƙarshen ka ajiye kuma ka riƙa tsere wa masu karatu da feji goma. Sannan kar wayarka ta zama ita kaɗai ce ma'ajiya, waya na faɗawa ruwa, ana sace ta a kasuwa, duk babin da ka gama tura wa kanka ta imel ko ka sa a Google Docs. Ranar da babu wuta babu caji, littafin makaranta da biro na nan, kuma rabin awa bayan sallar asuba kullum ya fi kwana ɗaya cur da za ka yi sau ɗaya a wata.

Ƙa'idar rubutu ba sai na daɗe a kai ba. Sa kibod mai ƙ da ɗ da ɓ a wayarka, ka raba "za ta" da "da shi", ka haɗe "yana" da "tana". Alƙalan gasar gajerun labarai irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, suna lura da wannan tun sakin layi na farko.

Sai gaggawar kai wa maɗaba'a. Mai buga littafi abin da ka ba shi zai buga, ba aikinsa ba ne ya gyara maka labari. Kafin ka kashe ko sisi a Kano ko Kaduna nemi wanda zai tace maka, malamin Hausa ko wani daga ƙungiyar marubutan Najeriya ta ANA da ke nan tun 1981 kuma take da rassa a jihohi, ka nemi lambar shaidar littafi ta ISBN ta hannun Ɗakin Karatu na Ƙasa, ka fara da kwafi kaɗan. Kafin duk wannan ma ka ba 'yan sakandare uku ko huɗu waɗanda ba sa jin nauyinka su karanta, kar ka tambaye su ko ya yi daɗi don za su ce e, tambaye su a wane shafi suka ajiye suka ɗauki waya, sai ka koma wannan shafin ka fara gyara daga nan.