Yadda za ka sa ƙaramin Linux ya tashi daga faifan CD

Salamu alaikum 'yan uwa masu gyara. Nan Damagaram har yanzu ana kawo mana tsofaffin kwamfutoci irin Pentium 3 waɗanda BIOS ɗinsu, wato ɗan shirin da ke tada mashin in an kunna, bai san tashi daga kile USB ba sam, disk dur kuma ya daɗe da mutuwa, mai ita kuma aiki ɗaya tak yake so ta riƙa yi mishi. Irin wannan ƙaramin sistem kake haɗa mata, ka ɗora a faifai, shi kenan.

Abin da za ka riƙe a kai tun farko shi ne faifan CD karanta shi kawai ake yi, ba a rubutu a kai. Nan daɗin yake, an ɗauke kuran sau goma babu abin da zai lalace, birus ma ba ya samun wurin kwana. Kuma nan tarkon yake, don Linux yana tashi zai nemi rubutu a /var da /tmp, in bai samu ba ya tsaya yana kallonka. Magani mai sauƙi shi ne ka sa sistem ɗin gaba ɗaya ya zauna cikin RAM, wato initramfs.

Ni da Buildroot nake haɗawa, kayan aiki ne na gina ƙaramin Linux. Ka zaɓi i686, ka kunna cpio tare da gzip, in ya gama za ka tarar da bzImage, wato kernel, zuciyar Linux ɗin, da rootfs.cpio.gz, wato sauran sistem ɗin, cikin output/images. Ka tabbatar kernel ɗin yana da direbobin mashin ɗin gaske, ba na mashin ɗin gwaji kaɗai ba. Kuma kar ka cika mishi kaya, mashin mai RAM mega 256 in ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta tun wajen kwance kayan za ta shaƙe.

Sai ka buɗe dosiye ka kira shi cd, ka zuba bzImage, ɗayan kuma ka rage sunanshi zuwa rootfs.gz, gajeren suna ya fi lafiya a ISO 9660, tsarin ajiyar fayiloli na faifan CD. A ciki ka yi wani dosiye isolinux, ka sa isolinux.bin da ldlinux.c32 daga Syslinux, shirin da zai tada Linux ɗin daga faifai. Wannan na biyun shi mutane ke mantawa, tun daga Syslinux 5 in babu shi ba ka zuwa ko'ina. Sannan cikin dosiyen isolinux ɗin ka rubuta fayil isolinux.cfg haka:

default linux
label linux
kernel /bzImage
append initrd=/rootfs.gz

Sai haɗa iso, wato hoton faifan gaba ɗaya cikin fayil ɗaya:

genisoimage -o karami.iso -b isolinux/isolinux.bin -c isolinux/boot.cat -no-emul-boot -boot-load-size 4 -boot-info-table -R -J cd

Wancan -b ɗin shi ke rubuta El Torito, tsarin da Phoenix da IBM suka fitar a 1995 wanda da shi BIOS ke gane faifai na tashi ne. Sunan ma na wani gidan abinci ne a Kalifoniya, ikon Allah.

Don Allah kar ka taɓa faifai tukuna, gwada a QEMU, shirin da ke kwaikwayon kwamfuta cikin mashin ɗinka:

qemu-system-i386 -m 256 -cdrom karami.iso -boot d

In ya tashi nan to ka ƙona. Kuma iso ɗin za ka ƙona a matsayin hoton faifai, ba wai ka jawo shi ka jefa ciki kamar waƙa ba. Ni kaina farkon koyona faifai uku na ɓata haka, ina ta zagin lektar CD ashe ni ne, na buɗe faifan na ga karami.iso zaune shi kaɗai abinshi. A Linux wodim -v speed=4 dev=/dev/sr0 karami.iso ya isa. Ka ƙona a hankali, kuma CD-R ka saya, tsofaffin lektar da yawa ba sa shiri da CD-RW.

Saura BIOS, ka danna Del ko F2 lokacin kunnawa, ka kai CD-ROM sama, F10 ka fita. In ta ƙi gani kar ka yi saurin zargin iso, ƙurar hunturun nan tamu tana rufe idon lektar, ka buɗe ka shafa da auduga a hankali ka sake gwadawa. In agogon BIOS na komawa baya kullum kuma, pil ɗin CR2032 ne ya mutu, zai riƙa mantar da saitin da ka yi, canja shi.

Da ya tashi kana iya cire faifan ma ka kai wata mashin, tunda komai na RAM. Sai dai ka faɗa wa mai ita tun wuri, duk abin da ya ajiye yana tafiya da kuran, in akwai abin ajiya ya soka kile ya sa a can, karanta kile ai Linux ɗin zai yi ko da BIOS bai iya tashi da ita ba.