Babi na Bakwai: Idan Tsoho Ya Fara Ruɗewa

Darasi na 1: Kalmomi huɗu

Ku buɗe littafi, kowa ya ɗora yatsa a kan kalmar farko. Mu karanta tare, sannu sannu: ƙwa-ƙwal-wa. Wannan harafi mai ƙugiya a ka shi ne na ƙofa da ƙasa, ya bambanta da na kaza. Sai kum-bu-ri. Sai tsu-fa. Sai man-tu-wa. Wanda ya yi tuntuɓe ya sake, babu mai yi masa dariya a ajin nan.

Abin da ya sa na shigo da wannan babi, wata ɗalibarmu ce ta unguwar Gangare a nan Jos ta ba ni labarin surukarta. Tsohuwar ta fita sayen kayan miya da hantsi, sai bayan la'asar aka gan ta a Taminus riƙe da leda, tana tambayar mutane hanyar gidan da ta yi shekaru aru-aru a ciki. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. Mu mun saba cewa gigin tsufa, a asibiti kuma za ku ji an ce cutar mantuwa.

Ƙwaƙwalwa ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, masu miƙa wa juna saƙo dare da rana. Da su kike gane muryar ɗanki, da su kake tuna hanyar masallaci. Idan shekaru suka ja, ƙwaƙwalwa tana ɗan ƙanƙancewa, wannan kowa da shi. A cutar mantuwa kuwa ƙwayoyin suna mutuwa da yawa, kuma wadda ta mutu da wuya a sami madadinta.

To ina kumburi ya shigo? Ku tuna ranar da wuƙa ta yanke ku wajen yanka albasa. Wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, bayan kwana kaɗan ya sace. Masu gadin jiki ne suka yi aikinsu suka koma. Ƙwaƙwalwa ma tana da nata masu gadi da shara, sunansu maikurogiliya. Ba sai kun haddace ba. Akwai datti iri biyu da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai wannan cuta, amiloyid da tau. Masu sharar nan su ma suna tsufa, sai shara ta fi ƙarfinsu, su yi ta zubo sinadarai masu zafi ba tsayawa, har su ƙona ƙwayoyin da aka ba su gadi. Mu mutanen Jos mun san kaskon gawayi da sanyin hunturu. Ka ga toka a sama ka ɗauka wuta ta mutu, alhali garwashi na nan a ƙasa. Haka wannan kumburi yake, yakan yi shekara 10 zuwa 20 yana ci kafin a ga alama a waje.

Wani likita a Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana wannan datti a 1906, a ƙwaƙwalwar wata mata da ya yi jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke da cutar mantuwa a duniya, kuma 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in da aka sa wa sunan likitan nan ne. Ku faɗa wa masu cewa kishiya ce ta yi asiri.

Abu ɗaya kafin mu wuce. Da na ce kumburi, ban ce kan Baba zai kumbura ku gani da ido ba. Kada a gasa masa kai da ruwan zafi. Kada a je kemis a ce a ba da maganin kumburi. Irin su ibufurofen da dikulofenak ba sa warkar da mantuwa, kuma idan tsoho ya daɗe yana sha suna iya ɓata masa ciki da ƙoda.

Darasi na 2: Littafin lura

Wannan shi ne ƙashin bayan babin. Ku nemi littafin rubutu sabo, irin na 'yan firamare. A bangonsa ku rubuta sunan tsohon. Ku buɗe shafin farko, wato na hannun dama. Ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya zama gida uku. Wanda ba shi da rula ya yi amfani da gefen wani littafi.

Gidan farko, na hagu, na kwanan wata ne. Gida na biyu na abin da ya faru. Gida na uku na sunan wanda ya gani.

Kwanan wata ake fara rubutawa. Kafin alƙalami ya taɓa gida na biyu, sai gidan farko ya cika. Lamba uku ce: rana, wata, shekara, da ɗan layi a karkace tsakaninsu. Ga misali: 5/6/2025. Lambar farko rana ce, ran 5. Ta tsakiya wata ne, na 6, wato Yuni. Ta ƙarshe shekara. Watanni 12 ne a shekara, saboda haka idan kun ga ta tsakiya ta wuce 12, kun juya su, ku goge ku sake. Wanda bai san kwanan wata ba ya duba fuskar wayarsa, ko ya tambayi ɗan makaranta a gidan. Babu kunya a tambaya.

Mu gwada. Inna ta sa takalmi a cikin tukunya. Me za ki fara rubutawa, Hajiya? A'a, ajiye takalmin tukuna. Kwanan wata. Yawwa, sannunki. Yanzu ki koma gida na biyu ki rubuta: "Inna ta sa takalmi a tukunya." Abin da idonki ya gani kaɗai. Kada ki rubuta "Inna ta rikice", likita ba zai iya auna rikicewa ba.

Mu sake. Baba ya yi alwala sau uku, kowane lokaci yana cewa bai yi ba. Malam, ina za ka ɗora alƙalami? Hagu. Rana, wata, shekara. Madalla.

Me ya sa na dage a kan wannan? Tambayar farko da likita zai yi ita ce: tun yaushe? Mu kuwa amsarmu kullum "ai an kwana biyu", ko "tun wajen azumi". Wane azumin? Kwanan wata ne ke nuna wa likita yadda ciwon yake tafiya. Idan a hankali yake, wata bayan wata, yakan yi kama da mai garwashin nan. Idan kamar matakala ne, a yi watanni ba canji sai kuma a faɗa ƙasa, yakan nuna ƙananan hanyoyin jini ne ke toshewa a ƙwaƙwalwa. Idan kuwa farat ɗaya ne, jiya lafiya yau bai san kowa ba, wannan wani abu ne dabam. Yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, ko zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko faɗuwar suga. Ranar ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa rubutu, asibiti ake nufa.

Makon jiya na karɓi littattafan gwaji. Da yawa sun cika gida na biyu da labari mai kyau, gidan farko kuwa fayau. Haba jama'a! Ranar zubin adashi ba ta taɓa ɓace muku ba, ranar ɗauka kuwa ko cikin barci aka tashe ku za ku faɗa. Lamba uku ce fa. Wata ta ce mini ta bari sai dare ta cike. Da daren ya yi ta manta, ita da take da lafiya. Ba zan karɓi littafin da gidan hagunsa yake a buɗe ba. Ku yi haƙuri da ni, na san hannu bai saba ba, amma zai saba.

Aiki: ku rubuta kwanan watan yau sau biyar a jere. Gobe ku rubuta na gobe.

Darasi na 3: Wace mantuwa ake rubutawa?

Kowa yana mantuwa. Ka manta inda ka ajiye makulli, can ka tuna, wannan ba ciwo ba ne. Wanda ya riƙe makulli bai san amfaninsa ba, shi ne abin rubutawa. Haka maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama ɗaya, da ɓata a unguwar da aka sani, da kasa ƙirga canjin da aka saba, da zargin 'yan gida da sata.

Idan Kaka ta tambayi mijinta da ya rasu, kada ku tsaya musu da ita. Wurin ajiye sabon labari a ƙwaƙwalwa shi ke fara lalacewa, shi ya sa take tuna bikin aurenta ta manta ta ci tuwo. Ku ce, "Kaka, ba mu labarinsa." Daga baya ku rubuta. Da me za a fara? Kun sani.

Darasi na 4: Lambobin awon jini

Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ya ce da za a magance su da an hana ko an jinkirta kusan 45 cikin 100 na cutar. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, taba, raunin ji, raunin gani, buguwar kai, shaƙar hayaƙi, rashin motsa jiki da kaɗaici. Masu hawa babur ba hular kwano su ji. Masu kai tsoho ɗakin baya su rufe shi kaɗai su ma su ji.

Awon hawan jini lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa, kamar 140/90. Kada ku ɗauke shi kwanan wata don kun ga layi a karkace. Idan awo ya kai haka ko ya wuce, a ga ma'aikacin lafiya. Ku rubuta shi a gida na biyu, kwanan wata a gidan farko.

Darasi na 5: Ranar asibiti

Ku fara da asibitin kusa, idan da bukata za a tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Ku tafi da littafin da duk magungunan da tsohon yake sha, har na gargajiya. Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar, akwai dai masu rage wahala. Wata mantuwar kuma daga ƙarancin bitamin B12 take, ko ciwon maƙoƙo, waɗannan ana magance su.

Darasi na 6: Takardar aljihu

Ku rubuta sunan tsohon da unguwarsa da lambar wayarku a ƙaramar takarda. Ku naɗe ta a leda, ku sa masa a aljihu ko ku ɗinke a gefen mayafi. Ku kawo ranar Litinin in duba lambobin.