Yadda na daina ƙona fitilar batirin sola

Alhamdulillahi, jar fitilar LED da na haɗa a batirin sola ta daina ƙonewa. Uku na ƙona, resistar ma, wato 'yar na'urar da ke rage wutar da ke shiga fitila, ta yi baƙi ƙirin tana ƙauri. Na zargi fitilun da cewa jabu ne, na kuma canza waya, duk a banza.

Sai na sa mitar awon wuta a kan batirin yana caji: volt 13.8 ta nuna, ba 12 da ke rubuce a jikinsa ba. Jar LED kusan volt 2 take ci, saura 11.8 ke nan a kan resista. Tawa mai ohm 100 ce (ohm shi ne ma'aunin ƙarfin resista); in aka raba 11.8 da 100, ashe miliamp 118 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) nake ɗura wa fitilar da 20 ya ishe ta.

Na raba 11.8 da 0.02 (wato miliamp 20 a ma'aunin amp), ya ba ni ohm 590, na sayo 680, mai zanen shuɗi, toka-toka da ruwan ƙasa. Sannan wat, wato ma'aunin zafin da resista za ta ɗauka, wanda da ban ma kula da shi ba: 11.8 sau 11.8 a raba da 680, kusan 0.2. Mai kwatan wat za ta yi zafi, sai na sa mai rabin wat. Mako biyu ke nan fitilar tana ci. Na gode wa maƙwabcina da aron mita.