Yadda ake taimakon yaro mai ciwon OCD ta hanyar sansanin wuni

Yaro mai OCD tunani ne mara daɗi yake faɗo masa ba tare da ya so ba, wai hannunsa akwai ƙwayar cuta, ko in bai duba ƙofa ba wani abu zai sami mamansa, sai hankalinsa ya tashi ya je ya yi wani abu don ya samu sauƙi, wanke hannu, ƙirge ƙirge, goge rubutu yana sakewa har takarda ta huje. Sauƙin yana zuwa amma baya daɗewa, kuma shi ne ma yake ƙara wa ciwon ƙarfi. Ana samunsa a wajen kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na yara da matasa. Sansanin wuni kuwa shi ne yara su zo da safe su koma gida da yamma na wasu kwanaki a jere, ana koya musu yadda za su fuskanci tsoron.

Farko dai a kai yaro wajen likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar OCD ɗin ne, akwai ma'aunin tambayoyi da suke amfani da shi, CY-BOCS, maki 0 zuwa 40, ku riƙe makin da ya samu don a gwada bayan an gama. Sannan ku tambayi masu sansanin kai tsaye, ERP kuke yi? Wato a sa yaro ya tunkari abin da yake tsoro a hankali kuma ya haƙura da yin abin da ya saba yi bayansa. Victor Meyer ne ya fara wannan hanya a Landan a 1966 kuma har yau ita ce kan gaba. In suka ce musu wasanni da hira kawai suke yi, toh gaskiya wurin hutu ne, ku nemi wani. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 kan yara 112 masu shekara 7 zuwa 17 ya nuna waɗanda aka haɗa musu wannan horo da maganin sertraline kusan kashi 54 ciwon ya lafa musu, horo kaɗai kashi 39, magani kaɗai kashi 21.

Ranar farko yaro zai raɗa wa ciwon suna, ko Shugaban Ƙarya ko me ya ga dama, don ya riƙa cewa shi ne yake ba ni oda ba ni ba. Sai a zauna da shi a rubuta duk abin da yake tsoro, kowanne ya ba shi maki daga 0 zuwa 10, a jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Nan ne ainihin aikin. A ɗauki yarinya mai tsoron ƙwayar cuta, ta ba mariƙin ƙofa maki 4, famfon banɗaki 9. Ba a farawa da 9 fa. Malama za ta fara taɓa mariƙin da kanta, sai yarinyar ta taɓa da yatsa ɗaya, sannan tafin hannu gaba ɗaya, sai ta zauna hannun a cinya babu sabulu babu ruwa, ana tambayarta yanzu tsoron maki nawa ne, ta ce ya hau 7, an jima ta ce 6, wataƙila da hawaye ma, har ta ga abin ya sauka da kansa, ko bai sauka sosai ba ta ga za ta iya jurewa. Ba a tilasta ta, ita za ta amince da kowane mataki, kuma babu mai ce mata kar ki damu babu komai, don wannan maganar ita ma wani wanke hannun ne. Amfanin sansani kenan, a asibiti awa ɗaya ake samu a sati, nan kuwa ana maimaitawa sau da yawa a wuni, ga sauran yara suna nasu, ɗaya ya bar takalmansa a karkace da gangan ɗaya ta rubuta kalma ba daidai ba ta ƙi gogewa, suna tafa wa juna. Yaron da ya ɗauka shi kaɗai ne mai irin wannan tunani a duniya yana ɓoyewa saboda kunya, ganin wasu yara irinsa kaɗai ba ƙaramin abu ba ne a wajensa. Irin wannan horo a dunƙule ma akwai na kwana 4 da aka ƙirƙiro a Bergen ta ƙasar Norway.

Sai ku iyaye, kuma a ganina nan aka fi samun matsala. Tausayi yana sa uwa ta amsa tambaya ɗaya sau ashirin, mama kin tabbata na wanke? ko ta riƙa buɗe masa ƙofa don kar ya taɓa. Duk wannan taya ciwon aiki ne. Ku halarci zaman iyaye, ku zaɓi abu ɗaya ku fara ragewa, ku gaya masa tun da wuri lokacin da hankalinsa yake kwance. In ya tambaya sai a ce, na san abin yana damunka, kuma na san za ka iya, amma wannan tambayar ta OCD ce ba zan amsa ba. Zai yi fushi, zai iya ƙaruwa ma kafin ya ragu, kar ku yi masa tsawa kuma kar ku janye.

Kullum da yamma a yi aikin gida da aka ba shi, ko minti 15 ne, a yaba masa don ya gwada ko da bai kai ƙarshe ba. Kafin a rufe sansani ku karɓi tsari a rubuce, matakan da suka rage da wanda zai ci gaba da ganinsa, a sanar da malamin ajinsa in yaron ya yarda. Ciwon yakan leƙo lokacin jarabawa ko wani tashin hankali, wani sa'in da sabon salo, sai a koma jerin nan a fara daga mai sauƙi. In yana shan magani kar a tsayar sai da likita, in kuma ya daina cin abinci ko yana maganar cutar da kansa, a kai shi asibiti ranar, ba sai an jira komai ba.