Yadda zaka haɗa na'urar da ke gane niyyar tafiya a ƙafar roba

Ko an yanke wa mutum ƙafa, ƙwaƙwalwa bata daina aika saƙo ba, jijiyoyi na nan suna kai umarni ga tsokar da ta rage a dungun, kuma duk sanda tsokar ta ɗaure sai ta fitar da ɗan lantarki da ake kira EMG. Shi zamu kama. Da irinsa wani mai ƙafar roba, Zac Vawter, ya hau bene hawa 103 na Willis Tower a Shikago a 2012.

Kayan aiki: ilekturod (abin da ake mannawa a fata ya kama lantarkin) irin na Ag/AgCl, sensa mai karanta lantarkin tsoka kamar MyoWare ko guntun ADS1299 mai layi 8, 'yar ƙaramar kwamfuta ESP32, sai MPU6050 mai auna motsi.

Fara da fata, dan wallahi nan ne aikin yake lalacewa ba a kwamfuta ba. Aske gashin wurin, goge da sifirit, bari ya bushe. Idan sama da gwiwa aka yanke, manna ilekturod biyu a tsokar gaban cinya biyu a ta baya, tazarar santimita 2 tsakaninsu kuma su bi tsawon tsokar, sai ɗaya daban a kan ƙashin ƙugu.

Siginar ƙarama ce sosai, 'yan milibolt ne, dan haka ka tace ta ka bar 20 zuwa 450 Hz (wato kaɗawa a sakan), ka cire gurnanin 50 Hz na wutar NEPA, ka riƙa ɗauka sau 1000 a sakan. Kuma dan Allah da batir kawai, kar ka taɓa jona mutum da laftof tana caji.

Yanzu ka sa mutumin ya yi tafiya a fili, ya hau matakala ya sauko, ya zauna ya tashi, kana naɗa. Yanka bayanan gunduwa gunduwa kamar milisakan 200 ka koyar da LDA da su, wato wani sauƙin lissafi da kwamfuta ke rarrabe salon tafiya da shi, ya isa a farko.

EMG kaɗai fa bata wadatarwa, musamman a zafinmu na Afrilu da gumi ke taruwa cikin soket (kofin da dungun ke shiga), ilekturod ya zame, abin da na'urar ta koya da safe ya rikice kafin la'asar, kaga in ta ɗauka matakala ce alhali fili ne mutum zai sha ƙasa. Shi yasa ake haɗawa da MPU6050 da sensar nauyi a tafin ƙafa, a bar ta ta canza salo a daidai lokacin da diddige ya taɓa ƙasa ko yatsu suka ɗaga kawai.

Gwajin farko ka yi a cinyarka. Na mai dungu kuwa sai da likitan gashin ƙashi a wurin, mai dungun yana riƙe da ƙarafan koyon tafiya.