Yadda za ka bi sawun sanatan Amurka kafin ka yanke masa hukunci: misalin Ted Cruz

Tun da Sanata Ted Cruz ya shigar da ƙudurinsa kan 'yancin addini a Najeriya a watan Satumban 2025, sunansa bai bar majalisarmu ta bayan la'asar a Tudun Wada ba. Wani ya ce minista ne, wani ya rantse fasto ne. Ɗan ƙanwata da ke karatun lauya a harabar Kongo ta ABU Zariya ya biyo ni gida ya ce, "Kawu, kai da ka tsufa kana koyar da darasin Gwamnati, ta ina ake fara binciken mutum irin wannan?" Amsar da na ba shi a zaure ita ce na rubuta a nan, don ba shi kaɗai ke bukata ba.

Fara da kujerar kafin mutumin. Majalisar Dattawan Amurka sanatoci 100 gare ta, bibbiyu daga kowace jiha, kowanne na yin shekara shida. Mu namu 109 ne, shekara huɗu. Cruz ɗaya ne cikin biyun jihar Texas, ɗan jam'iyyar Republican, daga ɓangaren masu ra'ayin riƙau. Ba ya cikin majalisar ministoci, ba shi da ikon tura soja ko'ina. Mahaifinsa ne mai wa'azi, ba shi ba.

Haihuwa da makaranta kada su ci maka lokaci. An haife shi ranar 22 ga Disamba 1970 a Calgary ta Kanada, uba ɗan Kyuba, uwa Ba'amurkiya. Ya gama Princeton a 1992, ya gama karatun lauya a Harvard a 1995. Abu ɗaya kawai za ka ja wa layi: a 1996 ya zama mai taimaka wa Alƙalin Alƙalai William Rehnquist. Kada ka ji "mai taimako" ka ɗauka ɗan aike ne. Matasan lauyoyin da ke samun wannan aiki su ke bincike, su tsara daftarin hukunci, kuma ƙofa ce da ba a buɗe wa kowa.

Inda nake so ka zauna ka tanƙwashe ƙafa shi ne aikin lauyancinsa, domin a nan halin mutum ke fitowa tun bai fara neman ƙuri'a ba. Bayan ya yi wa George W. Bush aiki a zaɓen 2000, Greg Abbott, wanda a lokacin shi ne Antoni Janar na Texas, ya naɗa shi babban lauyan da ke kare jihar a kotunan ɗaukaka ƙara. Ya riƙe muƙamin daga 2003 zuwa 2008, ya tsaya gaban Kotun Ƙoli sau takwas yana kan muƙamin.

Kada ka ce sai ka karanta takwas ɗin. Ɗauki guda, ka karanta ta da kyau. Ni ta José Medellín na zaɓar wa yarona. Ɗan Meksiko ne da aka yanke wa hukuncin kisa saboda kashe 'yan mata biyu a Houston a 1993. Ba a sanar da shi cewa yana da haƙƙin tuntuɓar ofishin jakadancin ƙasarsa ba. Meksiko ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague, kotun kuma a 2004 ta ce a sake duba shari'ar 'yan Meksiko 51. Shugaba Bush ya umarci kotunan jihohi su bi. Cruz, wanda jiya-jiya yaron gidan Bush ne, ya tashi ya ce Kotun Duniya da shugaban ƙasa duk ba su isa su tilasta wa kotunan Texas ba. A 2008 alƙalai shida cikin tara suka ba shi gaskiya, kuma a watan Agustan shekarar aka zartar da hukuncin.

Na ce wa ɗan ƙanwata ya riƙe wannan da hannu biyu. Mutumin da ya yi suna da cewa kotun waje ba ta da hurumi a dokokin jiharsa, shi ne yau yake neman a hukunta jami'an wata ƙasa saboda dokokin jihohinsu. Magoya bayansa za su ce batun 'yancin addini daban ne. To, ka ji nasu, amma ka san tarihin kafin ka shiga musun.

Mataki na gaba shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali shi ne ƙashin bayan aikin: nemo zaɓen da ya fi ba shi tsoro. Rabon Texas da zaɓar sanata ɗan Democrat tun 1988. Ke nan ainihin kokawar a zaɓen fid da gwani take. A 2012, da Kay Bailey Hutchison za ta sauka, ɗan takarar manya shi ne Mataimakin Gwamna David Dewhurst, attajiri, ga Gwamna Rick Perry a bayansa. A zagayen farko Dewhurst ne a gaba amma bai kai rabi ba. A zagaye na biyu, ranar 31 ga Yuli, Cruz ya kayar da shi da kusan kashi 57 cikin ɗari, da ƙarfin 'yan Tea Party, wato gungun masu tsananin ra'ayin riƙau a jam'iyyarsa, da masu zuwa coci ba fashi. Mu a nan mun saba da daliget, a tara su a otal a kwana ana lissafi. Can talakawan jam'iyya ke fita su jefa ƙuri'a, kuma masu zafin ra'ayi sun fi kowa sammako. Duk maganar da ka ji daga bakinsa, har wadda ta shafi Najeriya, ka fara tambayar kanka kunnen wa aka nufa da ita.

Sai ka raba ƙura da aiki. A Satumban 2013 ya yi sa'a 21 yana jawabi a zauren majalisa kan dokar lafiya ta Obama. Duniya ta ɗauka, amma jawabin bai hana ƙuri'a ba, dokar ma tana nan. Abin da ya biyo baya shi ne rufe ma'aikatun gwamnati na kwana 16 a Oktoba. A lissafin doka an tashi a tutar babu. A lissafin siyasa kuwa ya ci riba, don da sunan nan ya lashe jihar Iowa a zaɓen fid da gwanin shugaban ƙasa na 2016 kafin ya janye wa Donald Trump bayan zaɓen jihar Indiana. A babban taron jam'iyya ya ƙi furta goyon baya har aka yi masa ihu, wata biyu bayan nan ya miƙa wuya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya ga siyasar Kaduna. A zaɓen sanata na 2018 Beto O'Rourke, ɗan Democrat, ya matse shi, tazarar ba ta kai kashi 3 ba. A 2024 ya sake cin zaɓe a kan Colin Allred.

Yanzu ƙudurin da ya tayar mana da hankali. Hau shafin Congress.gov, ko da wayarka ce, ka rubuta sunansa, ka nemi ƙudurorin da ya gabatar. Kowanne akwai layi da ke nuna inda ya tsaya: an gabatar, ya wuce majalisa ɗaya, ya wuce ta biyu, an sa hannu. Ƙuduri ba doka ba ne. Dubbai ake shigarwa, mafi yawa a kwamiti suke mutuwa, kuma a Majalisar Dattawa galibi sai an sami ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara. Karanta rubutun da kanka, ba abin da aka turo maka a WhatsApp ba. Nasa yana neman takunkumi kan jami'an da ke aiwatar da dokokin ɓatanci, da kuma mayar da Najeriya jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini.

A nan ne mutanen majalisarmu suka haɗa zare biyu. Sanya ƙasa a wannan jeri ikon ɓangaren zartarwa ne, a ƙarƙashin wata dokar 1998. An sa Najeriya a Disamban 2020, aka cire ta a Nuwamban 2021, Trump ya sanar da mayar da ita a ƙarshen Oktoban 2025. Matsin lambar Cruz ya taimaka, amma ba hannunsa ya sa ba. A ganina kuma hoton da yake zanawa ya bar rabin gaskiya a waje, don duk wanda ya san hanyar Giwa da Birnin Gwari ya san 'yan bindiga sun zubar da jinin Musulmi da Kirista.

Na sa yaron ya rubuta kwanan wata guda a bangon littafinsa: 3 ga Janairu 2027. Ranar wa'adin wannan majalisa ke cika, kuma duk ƙudurin da bai zama doka ba kafin nan, sai an sake shigar da shi daga farko. Na ce ya riƙa leƙa shafin duk ƙarshen wata, ya zo ya faɗa mana a majalisa. Ya ce, "To Kawu, kuɗin data fa?"